Bayan Takarda

Shekara goma sha bakwai ina buga ta,
takardar buƙatun bataliya,
a ofishi mai fanka ɗaya, can gefen hanyar Jibiya.
Yatsuna sun haddace ta:
mota mai sulke, kaza,
taya, kaza,
oba-oba irin ta bara, wadda ita ma irin ta bara waccan ce.
Kwanan wata kaɗai nake canzawa.

Sai ranar da Saje Abashe ya dawo daga yankin Batsari,
laka har gwiwa,
ya kife hularsa a kan teburina.
Ya ce, Malam Iro, motar da ka rubuto ta iso.
Tana bakin rafi, yau kwana uku,
awaki na shan inuwarta.
Waɗanda muka je nema kuwa
sun ratsa gonar dawa a kan babura,
ta inda jaki ma sai ya karkata.

Na ce, ni abin da aka ba ni na buga.
Ya ce, na sani.
Ai shi ya sa.

Manjo Sada bai cika wata biyu da zuwa ba.
Ya ɗauki takardar, ya karanta har ƙasa,
ya juya bayanta, inda babu layi ko ɗaya.
Ya ce, daga yau kada a gaya mini abin da za a saya.
A gaya mini abin da ya gagara.

Ɗaki ya yi tsit.
Kofur ya saba da amsa umarni,
bai saba a tambaye shi ba.

Can sai Haladu ya yi gyaran murya:
Batir na mutuwa kafin la'asar, yallaɓai.
Wani ya ce, in mun shiga tsakanin duwatsu
muryar ɗan'uwa ɓata take.
Kyaftin Rakiya, mai ɗaure mana rauni,
ba ta ɗago kai ba ta ce,
jini ba ya jiran direba.

Ni kuwa na buga:
Muna so mu isa ƙauye hayaƙi bai kwanta ba.
Muna so mu ji juna ta bayan dutse.
Muna so mai rauni ya kai asibiti da sauran ɗuminsa.

Ba lamba, ba sunan kamfani.
Kunyar takardar ta kama ni
kamar na fito masallaci ba hula.

Aka kai ta cikin gari.
Mannir mai gyaran waya a Ƙofar Ƙaura
ya karanta layi na biyu sau uku, ya tura shagonsa.
Wani mai walda ya auna babur da igiya,
ya sa yaronsa ya kwanta, ya sake aunawa.
Wata ɗaliba, Zulai, ta zo da ɗan jirgi a cikin kwali,
bai kai faifai faɗi ba.

Gwajin farko ya ƙare a kan tsamiya.
Sojoji suka yi dariya har da riƙe ciki.
Manjo ya ce, Iro, rubuta wannan ma,
da ƙarfin iskar, da tsawon reshen.
Gara mu faɗi a nan.

Mai ɗaki, aka ce, shi ya san inda ke yoyo.
Mu kuwa shekara da shekaru
mai sayar da kwano muke tambaya.

Daga sama takardar ta dawo da jan biro:
Ina lambar kaya?
Mun mayar. Ta sake dawowa.
Ta ukun tana hanya.

Jiya Abashe ya leƙo neman hularsa.
Ya ce gadon babur ya ɗauko wani yaro daga rafi,
ya yi girgiza da yawa, a gaya wa mai walda.
Yaron yana cin abinci.

Na jawo sabuwar takarda.
Na rubuta girgiza.
Na bar fili a ƙasa.